Bulabulin: Unguwar Da Cuta Ke Bin Sawun Talauci

Baƙon da ya sauka Maiduguri, ya ga manyan tituna da inuwar dogon yaro, sannan ya juya gida, to, bai ga gari ba tukuna. Sai ya kutsa unguwanni irin Bulabulin. A harshen Kanuri sunan na nufin Sabon Gari, amma yau tsohuwar unguwa ce, gida jikin gida, lungu na haifar lungu, 'yan ga-ruwa na tura amalanke cike da jarkoki ƙofa ƙofa.

Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya ci gari kamar yadda ya yi a 1994. Bulabulin na cikin unguwannin da suka sha wuya, tare da Gwange da Gamboru. Ambaliya ta gama shadda da rijiya, kuma a watan Oktoba Gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara, watau amai da gudawa. Ko a 2017, a sansanin 'yan gudun hijira na Muna cutar ta fara. Ashe ta san inda take sauka.

Ma'aikatan lafiya sukan ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Wannan aiki ne mai kyau, amma lissafi ba ya faɗin dalili. Shi ya sa akwai wani irin bincike na zama da sauraro. Mai binciken yakan nemi izinin bulama, ya zauna kan tabarma da matan gida, da mai ruwa, da ungozoma, ya yi tambaya da harshen da suke ji. Nawa ne jarka? Gida nawa ke tarayya a shadda guda? Wa ke ba da izini a kai yaro asibiti da dare, kuma da kuɗin wa?

A nan ake gane cewa abin da ake kira jahilci sau da yawa rashi ne. Uwar da ke sayen kowane ɗigo na ruwa ta san amfanin wanke hannu. Tukunya ce ta riga sabulu.

Saboda haka muna kira ga hukuma: kafin a aika da mai wa'azin tsabta, a aika da mai sauraro, a biyo shi da famfo da magudana. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.