Takunkumi Biyu A Baki Ɗaya

 

A ƙofar gidanmu da ke Maraɗi, dab da masallacin da mahaifinmu yake limanci, akwai wata fada da muke zama bayan sallar Isha'i. Mun gaji zaman ne daga yayyenmu, tare da tabarmarsa da butar shayinsa. A cikinmu akwai direba, da tela, da malamin lakwal, da mai gyaran salula, kuma babu wanda a cikinmu ya taɓa riƙe ko da kujerar mai unguwa. Duk da haka, tsakanin kofin shayi na farko da na uku, mukan tuɓe shugabanni mu naɗa wasu, mu sasanta Rasha da Amurka, mu yanke wa kowace cuta magani. Hira ce ta banza, in ji masu wucewa, kuma mu ma haka muka ɗauke ta har zuwa daminar 2023.

Ran 26 ga Yuli na wannan shekara sojoji suka tsare shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ran 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja, suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka tsayar da ciniki da hada-hadar kuɗi, suka riƙe dukiyar gwamnati da ke babban banki, sannan suka ba sojojin wa'adin mako ɗaya. A kwanakin farko na Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Namu kason a Maraɗi ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa yake zuwa. Daga nan aka koma rabon kuran unguwa-unguwa, yau gare ka, gobe ga maƙwabcinka.

Bahaushe ya riga ya sa wa wannan abu suna tun kafin a san da ƙungiyoyin ƙasashe. Takunkumi shi ne abin da ake ɗaura wa jaki a baki don kada ya ci amfanin gonar da ake ratsawa da shi. Wanda ya fara aron kalmar ya kai ta cikin labaran duniya ya san aikinsa, domin bakin da aka ɗaure ba ya ci, ba ya kuma kuka yadda ya saba. Mu a fada rabi ɗaya kawai muka gani.

Game da rufe iyaka ba mu yi gardama ba ko kaɗan. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba ce, daga can kuma Jibiya ce, inda ƙanwar mahaifiyarmu take aure. Mun riga mun ɗanɗana rufin da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun san yadda kasuwa ke mutuwa a tsaye. Kowa a fada ya yarda cewa an bar jaki ana dukan taiki, domin wanda ya yi juyin mulki ba ya bin layin shinkafa, kuma gidansa ba ya kwana cikin duhu.

Amma ran 3 ga Agusta, da aka katse RFI da France 24 a faɗin ƙasa, sai muka yi tafi. Har da mu mai wannan rubutu, kuma muryarmu ta fi ta kowa tashi. Muna da dalilai, kuma ba duka ne na ƙarya ba. Gidajen nan biyu kuɗin gwamnatin Faransa suke ci, an haƙi uraniyom a Arlit tun 1971 ba tare da talakan Agadas ya ga hasken da ya dace da shi ba, kuma akwai rahotannin da muka sha ji suna bayyana ƙasarmu kamar mai bayar da labarin bai taɓa taka ta ba. Malamin lakwal ne kaɗai ya ce, shin in an toshe rijiyar da ruwanta ke da ɗan gishiri, an haƙa wata? Muka yi masa ca, muka ce ɗan Faransa ne, alhali sashen Hausa na RFI, wanda aka buɗe a 2007, a Legas yake, kuma ƴaƴan Hausawa ne ke magana a ciki. Ya yi shiru ya sha shayinsa.

Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam har mu ƴaƴansa, ya shekara goma sha ɗaya da ciwon sukari, kuma shekaru huɗu na ƙarshe da allurar insulin yake rayuwa, safe da yamma. Wanda bai taɓa jinyar mai wannan ciwo ba bai san yadda maganin nan yake da tsada da kuma laulayi ba. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba ta son ƙanƙara ta daskarar da ita, ba ta kuma son rana. Firigon gidanmu kuwa ya koma akwatin ajiye kwanuka. Ƙanenmu ya riƙa yawo a kan babur yana neman ƙanƙara wajen masu janareto, ita ma ta yi tsada kamar nama.

Samun maganin kansa shi ne babban tashin hankali. Kafin takunkumin, yawancin magungunan da ke shigowa Nijar ta tashar jirgin ruwan Kotonu suke sauka, su yi tafiyar fiye da kilomita 1000 zuwa Yamai ta gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Da aka rufe gadar, kwantenoni suka tsaya a can. Daga baya kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da haɗari, kuma mai saye ne ke biyan nisan da haɗarin. Mun taɓa zaga farmasi biyar a yini ɗaya da takardar likita a hannu. A ta biyar ɗin aka ba mu kwalba ɗaya, aka ce kada mu gaya wa kowa.

A cikin watan Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke zafi ya dawo, wani saƙon murya ya shigo wayarmu ta WhatsApp. Mai maganar ya yi sallama cikakkiya, ya yi salati, ya ce shi ma'aikacin lafiya ne amma ba zai faɗi sunansa ba saboda tsaro. Ya ce insulin ɗin da ke shigowa yanzu an gurɓata shi da gangan don a ƙarar da dattawan ƙasa, kuma duk mai son mahaifinsa ya koma ga garahuni da zogale. Minti uku ne da ƴan daƙiƙu. Muka saurara a fada, aka yi ta salati, tela ya ce dama ya faɗa. Mu kuma, da muka yi shekaru a zaure muna karanta yadda malaman hadisi ke bin mai ruwaya ɗaya bayan ɗaya kafin su karɓi magana, muka danna muka tura saƙon cikin rukunin danginmu, muka rubuta a ƙasa: "A yi hattara." Ba mu yarda da shi duka ba. Mun dai tura, muka kwanta barci.

Inna ba ta karatun boko, amma tana jin saƙon murya sarai, kuma daga wayar ɗanta na fari ya fito, wanda ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya. Ita ce ke yi wa Malam allura. Ta ɓoye kwalbar, ta ce masa ta ƙare, ta dafa masa garahuni. Malam mutum ne da ba ya tambaya a kan abin da ya shafi kuɗi, don kada ya nauyaya wa ƴaƴansa, sai ya karɓa ya sha. Kwana uku ana haka ba mu sani ba. Mun ga dai yana yawan shan ruwa, yana yawan fita kewaye cikin dare, muka ce zafin gari ne. A asubahin rana ta huɗu ya kasa miƙewa daga sujada ta biyu, ladan ne ya ƙarasa da mutane.

A asibiti aka auna, sukarin ya haura gram huɗu a lita, alhali mai lafiya da bai karya ba yana wajen gram ɗaya. Likitan, wani matashi da bai girme mu ba, ya tambayi ranar allura ta ƙarshe. Inna ta sunkuyar da kai, ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalbar. Ya ce, "Hajiya, wa ya ce ki daina?" Ba ta amsa ba, ba ta kuma dube mu ba. Wannan rashin dubawar ya fi mana mari zafi.

Likitan nan ne ya raba mu da wahalar ƙanƙara. Ya ce a 2021 jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF sun wallafa wani bincike da ya nuna cewa kwalbar da aka riga aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, muddin ba a bar ta a rana ba. Ya ce mu samo tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, mu cika tsakaninsu da yashi mai laima, mu rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa mai iska. Dabarar da wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ke nan don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Wannan labari yana nan shekara biyu kafin takunkumi, yana kuma cikin wayar da ke aljihunmu ga mai nema. A fada mun tattauna sabuwar iPhone da tauraron intanet na Elon Musk ba sau ɗaya ba, amma babu daren da wani ya kawo zancen tukunya.

Ba mu cewa da RFI na nan a FM da Inna ba ta ɓoye kwalba ba. Wannan zai zama neman wanda za mu jingina wa laifinmu. Abin da muka lura da shi dai shi ne, gidan rediyo, ko da mai son zuciya ne, yana da suna da mazauni, kana iya kama shi da ƙarya gobe ka tuna masa jibi, kana iya auna maganarsa da ta wani gidan. Saƙon murya kuwa magana ce marar uba. Da aka rage gidajen da ke da suna, jama'a ba su daina jin ƙishin labari ba, sai suka koma sha daga kududdufi. Kuma ƙofar da muka yi wa tafi ba a kanta aka tsaya ba. A Yuni 2024 aka gyara dokar laifukan intanet aka maido da hukuncin ɗauri a kan wasu rubuce-rubuce, a Disamba 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku, gidan da kakanninmu ke saurara da Hausa tun 1957. A wannan karon fada ba ta yi tafi ba. Kowa ya dubi kofinsa, domin mun fara rage murya ko a tsakaninmu in baƙo ya zauna.

Da Malam ya samu sauƙi, mun jira faɗa, bai zo ba. Wata rana bayan La'asar ya ce mu ɗauko masa littafin tarihin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mu karanta masa babin ƙauracewar da Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim, lokacin da suka rubuta takarda suka rataye a Ka'aba cewa ba ciniki ba auratayya, har kusan shekara uku, mutane suna cin ganye. Da muka kai wurin da aka yaga takardar sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kai, su wa suka tashi suka ce a yaga?" Muka lissafa: Hishamu ɗan Amru, da Zuhairu ɗan Abu Umayya, da Muɗ'imu ɗan Adiyyu, da Abul Bakhtari, da Zam'atu ɗan Aswadu. Ya ce, "Daga wane ɓangare suke?" Muka ce daga ɓangaren waɗanda suka sa takunkumin. Ya ce to, mu riƙa tuna wannan in muna zagin mutanen Najeriya a jumlace a bakin ƙofarsa, domin yana jin mu ta taga.

Gaskiyarsa ne. Sanatocin arewacin Najeriya sun fito fili sun ƙi yarda da yaƙi tun makon farko na Agusta 2023. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya zo Yamai tare da Janar Abdulsalami Abubakar, Muhammadu Sanusi na biyu ya zo, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ya zo. Tsohon shugaba Yakubu Gowon, wanda yana cikin waɗanda suka kafa CEDEAO a 1975, ya roƙi a janye. Ran 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin a Abuja, ana saura makonni biyu da ƴan kwanaki a kama azumi. A cikin Maris aka buɗe iyakar Najeriya, ƙanwar Inna ta zo daga Jibiya da kwalabe biyu a cikin kular abinci, ta nannaɗe su da tsumma kamar jarirai.

Har yanzu muna zama a fada, har yanzu muna tuɓe shugabanni, kuma fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a Janairu 2025 ta ba mu abin gardama na wata da watanni, rabi na murna rabi na lissafin kuɗin fito. Malamin lakwal mun ba shi haƙuri, ya ce bai ma tuna ba, mun san kuwa ya tuna. Inna ba mu taɓa tayar mata da zancen ba, ita ma ba ta tayar ba. Kuran ya dawo, firigo yana aiki in an samu wuta, amma tukwanen nan biyu suna nan a gindin darbejiyar tsakar gida. Kowace safiya tana zuba wa yashin ruwa, kuma ranar da matar ƙanenmu ta saka tumatir a ciki, sai da ta fitar da shi.