Haƙorin Zinariya da Ramin da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san haƙorin Makka. Da zarar alhazai sun sauka, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, za ka ga murmushi ya yawaita a bakin waɗansu, ko da kuwa babu abin dariya. Wannan haƙori na ado ne. Akwai kuma na magani, wato murfin zinariya da ake zuba wa haƙorin da ya lalace a ɗakin ƙirar haƙori, shi ne kuma abin da nake son mu duba.

Kawuna maƙerin fari ne a cikin birni, na kuwa sha ja masa zuga-zugi ina yaro. Idan ya fasa yumɓu ya fitar da zobe, ba ya yabonsa sai ya goga shi da magagari. Sau da yawa a nan ne ƙananan ramuka kan bayyana, sai ya ce zubin ya sha iska, ya mayar da shi wuta. Da na karanta yadda ake zubin haƙori, sai na tarar hanyar ɗaya ce. Ana siffanta haƙorin da kaki, a lulluɓe shi da wata irin filasta mai jure wuta, a ƙone kakin ya bar gurbi, sa'an nan a tura narkakkiyar zinariya ciki da na'ura mai juyi kamar majajjawa. Wani likita a Amurka, William Taggart, shi ya yaɗa wannan dabara cikin aikin haƙori a 1907, alhali maƙeran Ife da Binin sun yi ƙarnuka suna zubin tagulla da ita.

Daga ina ramukan ke zuwa? Tsantsar zinariya tana narkewa a digiri 1064, amma ta yi laushi ga tauna, don haka ake gauraya ta da jan ƙarfe da azurfa, wani lokaci da faladiyom. Gaurayen nan kan tsuke yayin da yake daskarewa. Idan maƙogwaron da ƙarfen ya bi ya shiga gurbi ya riga haƙorin sandarewa, babu sauran narkakke da zai cike giɓin, sai rami ya zauna a wurin da ya fi kauri. Maganinsa a yi maƙogwaron da kauri, a dasa shi a sashen da ya fi tudu, a kuma bar masa ɗan ƙululu kusa da haƙorin, ya zama rumbun da za a ci gaba da ɗiba har ƙarshe. Wannan kawuna ya san shi sarai, ko da yake bai taɓa ba shi suna ba.

Sai kuma iska. Narkakkiyar azurfa tana zuƙar iskar oksijin, faladiyom kuma haidirojin, su amayar da ita wajen hucewa. Saboda haka ba a barin ƙarfe ya daɗe a wuta, ana narka shi da shuɗin harshen wutar, a barbaɗa masa boraks. Filastar ma idan ta zarce digiri 700 takan fara sakin tururin farar wuta. Har ila yau kaurinta a bayan gurbin bai kamata ya wuce kimanin milimita 6 ba, domin iskar da ke ciki ta sami mafita.

Ramin zobe hasarar kuɗi ce kawai. Ramin haƙori kuwa kyan ɗan maciji ne: waje na ƙyalli, ciki na tara abinci da ƙwayoyin cuta. Idan ya faɗo a bakin murfin, inda ya haɗu da dasashi, haƙorin da ke ƙarƙashi ya dinga ruɓewa ke nan, mai shi bai sani ba sai ciwo ya hana shi barci.

A matsayina na ɗalibin Hausa, abin da ya dame ni shi ne sunan wannan aibi. “Shan iska” na kawuna ya kama rabin maganar, ya bar ta tsukewa. Na so in ce “cin gara”, tun da gara kan rarake ƙyaure ta bar fuskarsa lafiya lau. Sai dai wani abokin karatuna ya ƙi, ya ce ai gara daga baya take zuwa, waɗannan ramuka kuwa tare da zubin aka haife su. Mun rabu a kan zai zo da tasa kalmar ranar Litinin.