Mutum Huɗu, Tabarma Ɗaya

Karatu: Markus 2:1-12, Galatiyawa 6:1-2



Mu da muke zaune a Kamazou, da masu zuwa sujada daga Sabon Tasha da Unguwar Boro, ba sai an gaya mana ɓarnar giya ba. Mun san gidajen da albashi yake ƙarewa a hanya kafin ya iso hannun uwargida. A zamanin iyayenmu burukutu ce a ƙwarya, ana shanta a fili, kowa yana gani. Yau giya mai ƙarfi tana cikin 'yar leda da take shiga aljihun ɗan makaranta. Shi ya sa a farkon 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da giya a leda da ƙananan kwalabe. Amma wanda jikinsa ya riga ya saba, sanarwa ba ta isa ta kwance shi ba.

Iyaye mata sukan zo ofishinmu bayan sujada su ce, "Fasto, mun yi addu'a, mun yi azumi, me ya rage?" Mukan buɗe musu Markus sura 2. Shanyayyen nan na Kafarnahum bai kai kansa wurin Yesu ba. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi, suka buɗe rufin ɗaki, kuma bangaskiyarsu ce Ubangiji ya gani. Mashayi ma haka yake, yana bukatar masu riƙe masa tabarma.

Na farko ya riƙe addu'a da Maganar Allah. Mashayi ya sha jin cewa shi mai zunubi ne. Abin da ya daɗe bai ji ba shi ne akwai gafara, kuma Yesu ya fara da gafara kafin ya ce wa mutumin ya tashi.

Na biyu ya riƙe asibiti. A nan muke roƙon ku kasa kunne, domin magana ce ta rai. Wanda ya yi shekaru yana sha kullum, in ya daina farat ɗaya, hannunsa zai yi rawa, zufa ta karyo, barci ya ƙi zuwa. A kwana na biyu ko na uku yana iya jijjiga, ya riƙa ganin abin da babu, har ya mutu. Kada a kulle irin wannan a ɗaki a sa shi azumi ba ci ba sha, kada kuma a ɗaure shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana nan Barnawa kusa da mu, suna duba masu fama da shaye-shaye. Zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne.

Na uku ya riƙe zumunci. A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa in ɗaya ya zauna yana faɗa wa ɗaya gaskiya, dukansu suna iya wuce ranar ba su sha ba. Sun koyi furta zunubi da miƙa kai ga Allah a wata ƙungiyar Kirista, daga nan aka sami Alcoholics Anonymous. Mun ga irin wannan a tsakaninmu. Wani ɗan'uwa mai tuƙa keke, da aka sallamo shi daga asibiti, samari uku suka raba yammacin mako a tsakaninsu, domin daga ƙarfe shida zuwa tara ne jarabar take kama shi. Sau biyu ya faɗi. Sau biyu suka je suka ɗauko shi, ba su kai labarinsa dandali ba. Yau shi yake share majami'a ranar Asabar.

Na huɗu ya riƙe sana'a. Wanda ya bar mashaya ya rasa abokai da wurin zama lokaci ɗaya. Mai shagon walda ko ɗinki a cikinmu ya ba shi kujera.

Horon ikkilisiya yana da wurinsa, amma Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa manufarsa maido da ɗan'uwa ce cikin tawali'u. In an sa mutum a kujerar baya, wani a cikinmu ya je ya zauna kusa da shi.

Kai kuma da kake karanta wannan da leda a aljihu, ka zo ka same mu, ko ka sami dattijon da ka amince da shi. Asirinka a rufe yake. A wannan mako, kowa ya rubuta sunan mutum ɗaya, ya nemi 'yan'uwa uku.

Addu'a: Ya Uba, ka kwance 'yan'uwanmu daga ƙangin giya, ka ba likitoci hikima, ka ba mu hannuwan da ba sa gajiya da ɗauka. Cikin sunan Yesu, Amin.