Kalma Ɗaya, Fuska Uku

A cikin kalmomin Faransanci da na daɗe ina juyawa a raina, babu wadda ta kai "sauvage" ɗaure kai. Asalinta daga Latinanci ne, daga "silva", watau kurmi. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce "na daji". Amma fa nauyinta yakan sauya gwargwadon abin da aka jingina ta da shi.

In Bafaranshe ya faɗe ta game da tsiro, yana nufin wanda ya fito da kansa, babu mai shuka, babu mai ban ruwa, kamar yadda tafasa ke tsirowa a gefen hanya da damina. A nan babu aibi ko kaɗan.

In kuwa dabba ce, to, ana nufin wadda ba a kiwonta, irin su zaki da kura. Har kyanwar gida ma, in tana gudun mutane, sukan kira ta haka. A nan tsoro da rashin sabo sun shigo cikin maganar.

Ɓarna ta zo ne da aka ɗora kalmar a kan ɗan Adam. Faransawa sun laƙaba ta ga mutanen da suka tarar a nahiyar Amurka, daga baya kuma ga 'yan Afirka a zamanin mulkin mallaka, kuma ma'anar dabba suka ɗauko, ba ta tsiro ba. Tun a 1580 wani marubucinsu, Montaigne, ya ƙi yarda da wannan, ya kwatanta mutanen Barazil da 'ya'yan itacen da suka nuna ba tare da hannun manomi ba. A 1962 kuma masani Lévi-Strauss ya sa wa littafinsa suna "La Pensée sauvage", wanda ke nufin tunanin da ba a hore shi ba, kuma sunan wani furen daji ne. Dukansu biyu ƙoƙarinsu shi ne mayar da kalmar ga tsiro.

Abin ban sha'awa, mu Hausawa in za mu muzanta wanda bai waye ba, mukan ce "bagidaje", watau daga gida muka ɗauko zagin, su kuwa daga daji.

Saboda haka ina jan hankalin masu fassara da ɗalibanmu: kafin ku juya kalmar, ku duba wa aka faɗa wa, kuma wa ya faɗa. Allah Ya sa mu gane.