Guzurin Mai Kwanan Gona

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aikin da aka ɗauko a zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure ba ta rabo da ɗanyen ganye. Ruwa yana biyo babbar magudana, yana rarrabuwa cikin ƙanana har ya kai kowane fegi. Da damina a yi shinkafa, da rani a yi alkama da tumatir da albasa. Wannan ya kawo wata irin tafiya wadda mutanen dā ba su cika yi ba, watau kwanan gona.

In an yanke shinkafa da kaka, akan tara ta a fili kafin a buge a zuba a buhu. Aikin kan ɗauki kwana biyu ko uku. Wanda gonarsa ke nesa da gari ba ya barin wahalar wata huɗu a hannun ɓarayi da shanun da suka ɓalle da dare, sai ya je ya kwana wurin. To, a nan ake gane tsohon hannu da sabon shiga, tun daga kayan da kowa ya ɗauro.

Sabon shiga yakan haɗa kaya kamar mai ƙaura. Ga katifa, ga tukunya da risho, ga riguna huɗu, har da rediyo babba. Ya manta babur iyakarsa bakin magudana. Daga nan sai ƙafa, bisa kunyar da ta raba fegi da fegi, wadda faɗinta bai fi kamu biyu ba, ga santsi. Kafin ya kai, wuya ya ƙage, wataƙila ma katifar ta sha taɓo.

Shi kuwa tsohon hannu, kafin ya ɗaura kome sai ya tambayi kansa abin da gona za ta ba shi kyauta. Karan shinkafa yana nan tuli, in an shimfiɗa shi aka ɗora tabarma, ya fi katifa ɗumi. Karan dawa yana yin bukka cikin rabin sa'a. Abinci mai zafi kuwa, 'yan talla suna kewaya gonaki da rana lokacin girbi, saboda haka ba ya ɗaukar tukunya. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari da gishiri sun ishe shi na dare da na safe, ba su lalacewa, ba su neman wuta. Riga guda ta aiki, guda ta salla da komawa gida. Sai buta, da tocila, da ashana, da adda, da lauje. Waya a cika ta da caji tun daga gida, a rage yawan taɗi da ita.

Amma akwai abu uku da ba ya bari ko da sun yi nauyi, kuma su ne sabon shiga ya fi mantawa.

Na fari gidan sauro. A wasu wurare sauro kan ragu in damina ta wuce, amma inda ruwa ke kwance shekara duka ba ya tafiya ko'ina. Mai kawo zazzaɓi da dare yake cizo, daidai lokacin da mai gadi ya gaji ya miƙe. Gidan sauro in an naɗe bai fi ƙullin rawani ba, sanduna huɗu sun ishe shi tsayawa. Zazzaɓi kuwa yana kwantar da mutum mako guda a tsakiyar girbi.

Na biyu bargo. Rana ta kaka tana ruɗin mutum, amma sanyin asuba a fili kusa da ruwa, in hunturu ya soma busowa, har ƙashi yake shiga.

Na uku shi ne mafi nauyi, watau jarkar ruwan rijiya ko na famfo. Abin mamaki ne a ce mutum ya ɗauki ruwa zuwa inda ruwa ke gudu ta kowace kusurwa, har wasu kan yi masa dariya. Dalili kuwa, ruwan magudana ya ratso gonaki da yawa, ya kwaso taki da maganin feshi da ƙazanta. Har wa yau a cikinsa akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Ita wannan tsutsa ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga in mutum ya yi wanka ko ya daɗe tsaye ciki. Bayan 'yan watanni sai a ga jini a fitsari. Tana da magani a asibiti, amma mutane da yawa kan zauna da ita shekaru suna ce da ita zafin rana. Don haka da ruwan jarka zai sha, da shi zai yi alwala. Wanka kuwa ya jira gida, kwana uku ba shekara ba ne.

Duk wannan kaya in an naɗe cikin tabarma aka ɗaure da igiya, ɗauka ɗaya ne a ka, jarka a hannu. Ran komowa kwaki ya ƙare, jarka ta zama fanko, sai ya rataye ta a kafaɗa, ya shiga jidar buhuna zuwa bakin hanya inda mota ke jira.