Gilashin Mota a Garejin Maraɗi

Aboki, ka ce in ba ka labarin Maraɗi, to ga shi. Da sassafe muka bar Katsina ta hanyar Jibiya, muka tsallaka iyaka, muka yi zaman jiran takardu a Ɗan Isa. A nan na canza nairata zuwa sefa, na soma fama da lissafinsu na dala da jika, har sai da direba ya riƙa ƙirga mini canji.

Kafin Maraɗi akwai Jiratawa, a bakin kwarin gulbi. Ban zaci zan ga kore haka da rani ba: fadamu na noman ban-ruwa, albasa da tumatir, ga zogale gona guda, mata na shanya ganyensa. Ina cikin kallo wata babbar mota ta wuce mu ta harbo tsakuwa, gilashin gabanmu ya yi ƙara ya tsage daga sama har ƙasa. Bai tarwatse ba. Direba ya yi salati, ya ce sai mun shiga gari.

Garejin da ya kai mu fili ne mai rumfar kwano. Abin da ya tsayar da ni a wurin wata tsohuwar Peugeot 504 ce, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna a da. An kwashe kujerunta na baya, an yaye rufin ciki, yara biyu na kwance ƙofofinta don cire gilasai. Na ɗauka kayan gyara za a yi da ita. Maigidan garejin, dattijo mai furfura, ya ce a'a, wani matashi ne ke shirya ta don tsere da abokansa a filin bayan gari.

Na ce, "Baba, to me gilashi ya yi da za a cire shi?"

Ya ce, "Zauna, yaro, ka gani."

Da na ƙofa suka fara. Sun cire marfin ciki, suka kwance ƙarfen da ke ɗaga gilashin, suka karkata shi suka zaro ta sama ba tare da ko ƙwarzane ba. Dattijon ya bayyana mini cewa gilashin gefe gasasshe ne, in ya fashe ya zama ƙananan tsakuwoyi da ke watsuwa a fuskar direba, ga nauyi. A madadinsa ake sa wata roba mai haske da ake kira folikabonet, wadda nauyinta kusan rabin na gilashi ne, kuma tana lanƙwasa maimakon ta fashe.

Na gaba shi ne aikin gaske. A 504 zoben roba ne ke riƙe da shi. Yaro ɗaya ya kwanta a kujerar gaba ya dafa tafin ƙafafunsa a kusurwar gilashin yana turawa a hankali, ɗayan na ɓanɓare leɓen robar, maigida a waje ya tara hannu kamar mai karɓar jariri. Da ya fito aka jingine shi a kan tsohuwar katifa. Wannan kam za a mayar da shi, domin folikabonet ba ta jure goge-gogen yashi da abin share ruwa. An cire shi ne saboda za a yi waldar bututun ƙarfe a cikin motar, waɗanda ke hana rufi danne direba in ta kife, kuma tartsatsin walda yana cin gilashi. Wajen mayarwa igiya ake zagayawa cikin robar, a ja ta daga ciki. Gilashin gaba kuwa falle biyu ne da siririyar roba a tsakani, shi ya sa namu ya tsage a Jiratawa bai zubo mana ba. Shekara da shekaru ina zama a bayansa ban san haka ba.

Motarmu ta fi ta zamani, gilashinta manne yake da gam. Don cire shi, siririyar waya suka soka ta cikin gam ɗin, ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna ja suna saki har ta zagaye.

Dattijon ya ce a Agadas ya koyi aiki, zamanin da tseren Faris zuwa Dakar ke ratsa Nijar. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ƙirƙiro tseren, aka fara tashi daga Faris a ƙarshen Disambar 1978, daga baya motoci suka riƙa ƙetare hamadar Tenere. A 1987 Peugeot ce ta ci, da direba Ari Vatanen na ƙasar Finlan. An soke na 2008 saboda tsaro, aka kai shi Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Motocin sun tafi, hannun da ya taɓa su yana nan a Maraɗi.

Washegari na nufi Tibiri, garin Sarkin Gobir, tafiyar mintuna kaɗan daga Maraɗi. Na ga ƙofar fada, na ci fura mai kyau. Amma motar kasuwa da ta kai ni ce ta tsaya mini a rai. Mun cika ta maƙil, da mata da goyo. Taga ɗaya leda ce aka ɗaure, ɗaya kuma gilashin tagar gida ne aka yanka aka cusa. Irin wannan in ya fashe dogayen tsini yake yi masu yanka wuya. Motar da mutum ɗaya zai yi wasa da ita an auna mata kowane haɗari, wadda ke ɗaukar jama'a kullum kuwa an bar ta haka. Wannan ya dame ni ƙwarai, kuma ka san a tashoshinmu na Kano da Katsina ma haka abin yake.

Don haka, aboki, in gilashin motarka ya fashe, kada ka yarda a yanka maka na gida don araha. Ka duba kusurwarsa ka ga hatimin masana'anta kafin a ɗaura.