Ƙayar da Ba a Cire Ba

Da aka ce mu kawo 'yar gudummawa ga mujallar bana, sai muka ga gara mu faɗi wani kuskure da muka taɓa yi a aji.

A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata mota ta faɗa ciki, mutum fiye da 20 suka rasu. Hanyar nan ce muke bi in za mu gida hutu. Ba mu gama jimamin wannan ba, sai ga ambaliyar 2022 ta ci gonaki da gidaje a wurare da yawa na Jihar Jigawa. Da aka dawo hutu, wata yarinya wadda ruwa ya kwashe geron mahaifinta, ya kuma rushe ɗakin da suke kwana, ta ɗaga hannu a darasin Littafi Mai Tsarki. Ta ce, "Malam, babana yana addu'a, yana azumi, bai taɓa fasa ba da zakka ba. Me ya sa Allah bai tsare gonarsa ba?"

Muka amsa nan take, irin yadda malami ya saba, don kada a ce an ƙure shi. Muka ce gwaji ne, sai haƙuri. Muka juya kan allo. Yarinyar ba ta sāke ɗaga hannu ba har makonni suka wuce.

Amsar ba ƙarya ba ce, amma ta hana mu barci. Muka koma littafin Ayuba. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa, a nan suka ɓata, har a sura 42 Allah ya husata da su. Su dai sun yi kwana bakwai kafin su yi kuskure. Mu ko minti ɗaya ba mu yi ba.

Sai kuma Manzo Bulus. A 2 Korintiyawa sura 12 ya ba da labarin wata ƙaya a jikinsa, wadda ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa. Ba a cire ba. Abin da aka ba shi shi ne alherin da zai iya ci gaba da tafiya da ita. Duk wanda ya taɓa taka ƙaya a gona ya san ba bayani yake so ba, so yake a cire. Bulus ma haka ya so, bai kuma ji kunyar faɗa ba. To, don me muka so mu rufe bakin yarinya?

Ko labarin mishan ma mukan gajarta shi. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. In muna ba da labarin a majami'a mukan tsallake shekarun nan takwas da gudu, domin mun riga mun san ƙarshen. Iyayen mamatan ba su sani ba a lokacin.

Wata Asabar muka hau babur muka je gidansu yarinyar. Mun iske zumuntar mata ta riga mu, kowace da mudun dawarta. Mahaifin ya shimfiɗa mana tabarma a gindin bangon da ya rage, aka kawo ruwa. Muka nemi gafarar 'yarsa a gabansa, muka ce amsar da muka ba ta ta yi gaggawa. Ta sāke yin tambayar nan, muka ce ba mu da amsa. Muka yi zaune har la'asar. Da za mu tashi, mahaifin ne ya yi addu'a, ya roƙa mana sauka lafiya, don ta hanyar gadar za mu koma.